ASIBITIN MAZAƁARKU HAƘƘINKU NE, KU JE KU TSARE SHI

Wannan shi ne bayanin jawabin da wani ɗan uwa, malamin asibiti wanda ya daɗe yana aiki a ƙauyuka, ya gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman muzakarar ƙarshen mako da aka yi a harabar wata makarantar Islamiyya. Jawabin ya shafi halin da ƙananan asibitocin karkara suke ciki ne, da kuma nauyin da ya hau kan 'yan uwa game da su. An taƙaita wasu wuraren saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan buɗe taro da addu'a da karatun Alƙur'ani mai girma, malamin ya fara da yabo ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (S). Daga nan sai ya nemi duk wanda ya san sunan shugaban kwamitin lafiya na mazaɓarsu ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Sai ya ce to duk wanda aka taɓa yi wa rasuwar mace a wajen haihuwa, a gidansu ko a dangi ko a maƙwabta, ya ɗaga. Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Ya ce to jawabin nasa gaba ɗaya a tsakanin waɗannan tambayoyi biyu yake.

Malamin ya ce sanin kowa ne yadda asibitin ƙauye yake. Gini ne mai ɗaki uku ko huɗu, an kafa allo a ƙofa ɗauke da sunan wanda ya ba da kwangila, rufi ya yaye, jemagu sun tare a silin, awaki suna kwana a baranda. Ma'aikacin da aka turo yana zaune a birni, sai ranar kasuwa yake leƙowa. In ka dace ka same shi, takarda zai rubuta maka ya ce ka je kemis, wani lokacin ma kemis ɗin nasa ne. Ya ce da yawa cikin 'yan uwa in sun ga haka sai su ce ai wannan shi ne zaluncin da ake faɗa, su wuce. Ya ce gaskiya ne zalunci ne, amma wucewar fa? Wadda za ta yi naƙuda cikin dare a wannan ƙauye ba matar ciyaman ba ce, ba 'yar kwamishina ba ce. Innarka ce, ƙanwarka ce, gobe kuma matarka ce.

Daga nan sai ya koma tarihi. Ya ce a shekarar 1978 ƙasashe 134 suka taru a birnin Alma-Ata, wanda a lokacin yake cikin Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. A can ne aka amince cewa mafi yawan abin da ke kashe talaka ba ya bukatar babban asibiti ko babban likita. Abin da yake bukata shi ne ruwa mai tsabta, rigakafi, awon ciki, abinci mai gina jiki, da magani mai sauƙin kuɗi kusa da gida. Suka kuma ce jama'ar gari su kansu dole su kasance cikin tsarawa da gudanarwa. Suka ɗauki alƙawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Malamin ya ce shekarar 2000 ta zo ta wuce, kowa kuma ya ga abin da ya gani.

Ya ce a nan Nijeriya wanda ya ɗauki wannan magana da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 aka fara gwaji da su, aka kafa kwamitocin lafiya a ƙauyuka, aka horar da unguwarzoma, a 1992 kuma aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Sai dai a daidai wannan lokaci ne aka ƙaƙaba wa ƙasar shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, ma'aikata suka fara gudu. Hannu guda yana gini, ɗayan yana rushewa. Aka kuma ɗora asibitocin a kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi rauni a cikin gwamnatocin uku, kuɗinsu ma sai abin da gwamna ya ga dama ya sakar musu.

A kan batun magani kuwa, malamin ya tsaya sosai. Ya ce a 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako ta ƙasar Mali suka fito da dabarar da ake kira asusun magani mai juyawa. Ma'anarsa ita ce a zuba wa asibiti jarin magani sau ɗaya, a riƙa sayarwa da 'yar riba kaɗan, kuɗin da aka samu a sake sayo wani, jama'ar gari kuma su ne masu sa ido. Ya ce dabarar ba ta da laifi a kan takarda, duk mai sayar da ƙosai ma ta san ta. Inda ta mutu shi ne wajen sa idon. Kansila ya zo ya karɓi magani bashi, dagaci ya aiko a ba baƙonsa, ma'aikaci ya ranci kuɗin ya ce in an yi albashi zai mayar, ba littafi, ba mai tambaya. Kafin shekara ta zagayo kanta ta zama fayau. Sai a ce gwamnati ba ta kawo magani ba, alhali an kawo, a gaban idon mutanen gari aka cinye, kowa yana jin nauyin ya yi magana.

Ya ci gaba da cewa akwai abin da yake so kowane ɗan uwa ya rubuta ya ajiye. A shekarar 2014 aka sa hannu a kan dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a wani asusu na musamman don lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Tsarin shi ne a zaɓi asibiti aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, a buɗe masa asusun banki nasa na kansa, kuɗi su shigo kai tsaye ba tare da sun bi ta sakatariya ba. A shekarun farko abin da ake turawa kimanin naira 300,000 ne duk wata uku. Kuma bisa ƙa'ida ba a fitar da kuɗin sai da sa hannun mutum biyu: shugaban asibitin da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ɗan gari ne. Malamin ya ce kuɗin ba su da yawa, amma sun isa gyara ƙofa, sayen audiga da safar hannu, da biyan mai shara. Ya ce ku tambayi kanku, wa yake sa hannu da sunanku a garinku? Wa ya zaɓe shi? Yaushe ya taɓa tara mutane ya karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita?

Ya kuma yi bayanin abin da ake nufi da haɗa ayyukan lafiya a inuwa guda, tsarin da aka amince da shi a 2011. Ya ce a da kowane shiri da ranarsa da ofishinsa da mai gidansa. Mace ta yi tafiyar awa biyu a ƙafa ta zo awo, a ce rigakafin goyonta sai Talata, maganin tamowa kuma sai ta je wani gari. Wace mace ce mijinta zai bari ta fita sau uku a mako, ga aikin gida ga gona? Abin da ake so shi ne in ta zo sau ɗaya a duba cikinta, a yi wa yaron allura, a auna damtsensa, a gwada jininsa in yana zazzaɓi, a ba ta gidan sauro, duk a zama guda. Ya ce amma wannan ba ya yiwuwa in babu ruwa a asibitin, babu wutar da za ta riƙe firijin allurai, babu ɗakin da ma'aikaciya za ta kwana. Waɗannan ukun kuwa, in ji shi, babu wanda ya fi ƙarfin gari guda in an yi niyya.

Sai ya kawo misali da ƙasar Iran. Ya ce a cikin shekarun 1980, ana tsakiyar yaƙi da Iraƙi, ga takunkumi, ga ƙarancin likitoci, suka shimfiɗa abin da suke kira gidajen lafiya a ƙauyuka. Ba su jira likita ya yarda ya bar birni ba. Daga cikin 'ya'yan ƙauyen suke zaɓar mace da namiji, a horar da su shekara biyu, a mayar da su garinsu. Sun san kowane gida, sun san wadda take da ciki, sun san yaron da bai yi allura ba, in bai zo ba su bi shi har gida. Mutuwar yara da mata a karkararsu ta ragu ƙwarai da wannan tsari, har daga baya wasu likitoci daga jihar Misisifi ta Amurka suka je koyon yadda ake yi. Malamin ya ce sirrin ba kuɗi ba ne. Ɗan gari ba ya guduwa ranar Juma'a ya dawo Talata, kuma ba ya iya sayar da maganin da gwaggonsa za ta zo nema gobe.

Da ya juyo kan matsayin shari'a, ya ce malamai sun sanya ilmin likitanci cikin farillan kifaya, wato in wasu sun yi ya sauka daga kan saura, in kuwa gari guda aka rasa mai yi, kowa ya ɗauki laifi. Ya ce Imam Gazzali a cikin Ihya'u ya koka a kan garuruwan Musulmi da ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali mutane suna ta turereniya wajen karatun saɓanin fiƙihu. Ya ce yau shekara kusan 900 ke nan da wannan kuka, kamar da mu yake. Ya tunatar da tantin Rufaida Al-Aslamiyya a masallacin Madina inda ake jinyar waɗanda suka ji rauni, wanda a nan aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ya ambaci asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284, wanda da dukiyar waƙafi ake gudanar da shi. A nan gida kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajinta suna shiga lungu da saƙo suna isar da ilmi ga mata. Ya ce saboda haka wanda ya ɗauka aikin asibiti aikin nasara ne, bai san kayan gidansu ba.

Game da mutuwar mata, malamin ya ce binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne suke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma a arewa maso yamma matan da suke haihuwa a asibiti ba su kai 2 cikin 10 ba. Ya ce jinkiri uku ne suke kashe mace. Na farko a gida: tana zubar da jini ko tana jijjiga, ana ta jiƙo da hayaƙi, mai gida ya tafi cin rani, babu mai ikon cewa a fita da ita. Na biyu a hanya: babu mota, sai amalanke ko babur, ga rafi ya kawo. Na uku a asibitin: an iso, a kulle yake, ko babu jini. Mace mai zubar jini bayan haihuwa, in ji shi, awa biyu ta isa ta cika. Wadda kuma ta kwana biyu tana doguwar naƙuda, in ta rayu, sau da yawa da yoyon fitsari take tashi, a kai ta Babbar Ruga a Katsina, miji kuma ya aiko da takarda.

Ya ce jinkiri na farko aikin wa'azi ne, kuma ya rataya a wuyan masu hawa mumbari da masu karantarwa a zaure. Magidanci ya bar izini a gida tun cikin yana wata bakwai, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, cewa in abu ya taso a fita da ita ko ba ya nan. Na biyu aikin tsari ne. A wasu jihohin arewa kamar Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an yi shiri da direbobin ƙungiyar tasha, aka horar da su ɗaukar mata masu naƙuda, wanda ya kai mace asibiti a ba shi layin lodi in ya dawo. Ya ce me zai hana 'yan uwa masu mota da masu babur a kowane gari su rubuta sunayensu, a yi asusun mai, a san wanda za a buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare? Na uku kuwa, ya kalli matasan ya ce, a jikinku yake. Kowane ɗan uwa mai lafiya ya je a gwada rukunin jininsa, a rubuta a littafi guda a ajiye wajen mutum amintacce. Ya ce abin kunya ne matasan da suke cewa sun shirya ba da jininsu saboda addini, a neme su leda guda don matar maƙwabci su ce suna tsoron jiri. Nan wuri ya yi tsit.

A lokacin tambayoyi, wani ɗan uwa ya miƙe ya ce: Malam, shiga kwamitin da ƙaramar hukuma ta kafa, a zauna tebur guda da kansila, ba taimaka wa tsarin zalunci ba ne? Ba gyara musu fuska za mu yi ba?

Malamin ya ce tambayar tana kan hanya, kuma ya ji daɗin da aka yi ta. Ya ce a bambanta tsakanin neman muƙami a wajensu da karɓar haƙƙi daga hannunsu. Kuɗin da aka gina asibitin da su ba gadon uban kowa ba ne, dukiyar al'umma ce. In ɓarawo ya shiga gidanku ya tattara kaya, sai ya yar da buhu guda a ƙofa, za ka ƙi ɗauka don ya bi ta hannunsa? Kwamitin mazaɓa ba albashi ake biya ba, ba rantsuwa ake sha ba, kujera ce ta mutanen gari wadda in mutanen kirki suka bar ta, yaron ɗan siyasa ne zai hau. Ya ce sharaɗin dai shi ne kada a shiga don a ci, kada a karɓi ko ruwan leda, kada a bari a mayar da aikin kamfe, kuma duk abin da aka gani a faɗe shi a bainar jama'a. Ranar da suka ce sai an rufe baki, a fito a gaya wa mutane dalili. Ya ƙara da cewa talaka ba ya gane adalcin da ake kiransa zuwa gare shi ta hanyar kaset kawai, yana gane shi ne ranar da ya ga waɗanda suka ɗauki matarsa cikin dare ba su tambaye shi a wane masallaci yake salla ba.

Wani kuma ya yi tambaya a kan rigakafi, ya ce ta yaya za a amince da abin da ya fito daga hannun Turawa? Malamin ya ce zargin yana da tushe, ba za a raina masu yin sa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ya ce wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, sai a 2004 aka ci gaba. To amma wa ya biya kuɗin dakatarwar? Yaran talakawa ne da suka shanye, ana ganinsu a bakin titi har gobe. Sai a 2020 aka tabbatar an rabu da ƙwayar cutar ta asali a Afirka. Ya ce maganin zargi shi ne mu samu namu masana, masu haɗa magani da masu gwaji a ɗakin bincike, waɗanda za su duba su gaya mana gaskiya. Wanda ya ƙi karatun kuma ya ƙi allurar, ƙyanda da sanƙarau ba za su tsaya jin hujjarsa ba.

Tambaya ta ƙarshe a kan mata ce, cewa maza da yawa suna hana iyalinsu zuwa ne saboda namiji ne yake karɓar haihuwa. Malamin ya ce wannan ita ce matsalar da mu muka haifa da hannunmu. Ka cire ƙanwarka daga makaranta tana aji uku, sannan ka zo kana fushi don babu mace a ɗakin haihuwa. Daga sama za ta faɗo? A 2009 gwamnati ta ɗauki ungozomomin zamani ta rarraba a ƙauyuka, da yawa daga nesa aka kawo su, ba su jin harshen mutanen, babu masauki, alawus yana yankewa, suka yi ta komawa. Ya ce kowace mazaɓa ta zaɓi yarinya biyu masu ƙoƙari daga Islamiyya waɗanda suka gama sakandare, a haɗa musu kuɗin makarantar koyon aikin lafiya ko ta ungozoma, da yarjejeniyar za su dawo su yi wa garin aiki. Wanda zai aure su kuma ya san da wannan sharaɗi tun wajen neman aure. Ya ce in ana iya haɗa kuɗin lasifika da janareto a mako guda, wannan ma ana iyawa.

Kafin a tashi, an raba 'yan uwa gwargwadon mazaɓunsu, aka ɗora wa kowane rukuni ya ziyarci asibitin yankinsu cikin ladabi, ya gaisa da ma'aikatan a matsayin masu neman taimakawa, ba masu bincike ba, domin da yawansu su ma a wahale suke. Za su dawo da bayanin ma'aikata nawa ne a rubuce, nawa ne suke zuwa, ko akwai mace a cikinsu, ko akwai ruwa da wuta da makewayi, ko ana buɗewa da dare, da kuma sunan shugaban kwamiti da ranar da suke zama. Masu sana'ar gini da kafintoci da masu haɗa sola sun ba da sunayensu domin aikin gayya, an kuma sa ranar gwajin rukunin jini bayan sallar Juma'a mai zuwa. An rufe taron da addu'a gab da magariba.